Kisira Mai Kauri ta Ranar Lahadi

Yanzu a unguwarmu ta Omdurman gari na wayewa ba ƙamshin komai. Da can, kafin ladan ya gama kiran asuba hayaƙin itace ya riga ya tashi daga kowane gida, tsamin ƙullun dawa yana bin lungu, ka ji cuu ɗin ƙullu a kan ƙarfe mai zafi daga nan har bakin titi. Yau kuwa jikanyata ce za ta ja silifas ta fita, ta dawo da burodi a leda, ko ta kawo wata kisira, gurasar dawar nan mai shara-shara, da inji ya yi, fara fat, ba tsami ba ɗanɗano, ta ajiye mini ta ce, "Habboba, ci mana, ai duk ɗaya ne." Habboba suke ce wa kaka a nan. Ba ɗaya ba ne, amma na gaji da gardama. Na gaji da abubuwa da yawa. Gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi, idon ma hayaƙin shekaru ya cinye rabinsa, sai in zauna a bakin gado in yi ta tunanin mutanen da suka riga ni kwanciya.

Gidanmu ne kaɗai gidan Kirista a lungun. Babanmu soja ne, cikin waɗanda Bature ya kwaso daga ƙasarmu lokacin babban yaƙi. Ta nan suka ratsa, da aka sallame su ya ce ƙafarsa ta gaji da tafiya, ya samu gadi a wani gareji a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu, ya aika aka kawo masa Inna cikin motar alhazai. Maƙwabtanmu duk Hausawa ne Musulmi, wasu hanyar Makka ce ta ajiye iyayensu, wasu sun baro gonakin auduga na Jazira sun shigo birni neman abin yi. Harshe ɗaya, tuwo ɗaya, alƙibla ce kawai daban. Yaran unguwa na kiranmu 'yan gidan Lahadi, mu kuma muna amsawa, don ba zagi ba ne. Baba bai daɗe ba ya rasu, ya bar wa Inna ɗaki biyu, da littafinsa na Maganar Allah da Hausar boko wanda ya zo da shi cikin jakar soja, da ni. Daga nan sai saj, wato faifan ƙarfen da ake suyar kisira a kai, ya zama shi ne uban gidan.

Wanda bai zauna gaban saj ba, ba zai san aikin nan ba. Da la'asar a dama garin dawa, a zuba masa ragowar ƙullun jiya mai tsami don ya tashi. Da asuba a hura wuta, a zauna a 'yar kujera ƙafa a buɗe, a shafe ƙarfen da tsumman mai, a zuba ludayi ɗaya, a ja shi da gargariba, ɗan guntun kaba da ake tsomawa a ruwa. Ja uku ko huɗu, a ɗaga, a kife a faifai, a sake. Haka har rana ta take. Wutar na gasa ƙwauri, hayaƙi na shiga ido, baya kuwa tun kina budurwa yake fara rubuta miki wasiƙar da za ki karanta da tsufa. Kisirar Inna in ka ɗaga ta kana ganin hasken rana ta ciki. Hannunta na da wani sauti, shat, shat, shat, sannan ɗan ƙwanƙwasa a gefen ƙarfe, ko makaho ya ji ya san ita ce.

A ƙasar nan Lahadi ranar aiki ce. Juma'a ake hutu, Lahadi kuwa kasuwa cike, gareji a buɗe, kowa na neman abin fatur, abincin hantsi. Amma Inna ba ta taɓa hura wutar saj ranar Lahadi ba. Takan yi wanka, ta yafa farin tob ɗinta, dogon mayafin matan ƙasar nan, mu taka har kanisa, wato coci, inda ake wa'azi da Larabci, mutanen Kudu da na Duwatsun Nuba na waƙa da harsunansu. Rabin abin da ake faɗa ba ta ji. Sai ta rufe ido, ta bi muryar waƙar da Hausa a ƙasan maƙogwaro, hannuwanta biyu a kwance kan cinya, tafin a sama, duk tabon ƙuna. In mun dawo ta miƙe a gado ƙarƙashin rumfa, ni kuma in buɗe littafin Baba in karanta mata, don ita ba ta iya ba. Sau da yawa kafin in kai ƙarshen shafi ta yi barci. Na taɓa yin fushi na ce to me amfanin karatun. Ta ce, "Ke karanta abinki. Yaro ma a bayan uwarsa yake barci, ba don ya raina ta ba." Takan ce kwana shida tana ɗauke da gidan nan a ka, ran na bakwai takan miƙa wa Yesu ya riƙe mata, kuma bai taɓa yar da shi ba. Ni a lokacin ina ganin maganar tsofaffi ce kawai.

Abin da ban lura da shi ba, don na taso na tarar da shi kamar yadda na tarar da randa a tsakar gida, shi ne hutun nan ba daga sama yake faɗowa ba. Tsakanin gidanmu da na maƙwabciyarmu akwai nafaj, 'yar ƙaramar ƙofa a jikin katanga, wadda sai ka sunkuya kake wucewa. Yanzu masu gini ba su san ta ba, kowa katangarsa har sama da fasassun kwalabe a kai. A da kuwa ta nan ake miƙa garwashi, da gishiri, da jariri in uwa za ta kasuwa. Maƙwabciyar tamu Hajja ce, gwauruwa, ta girmi Inna, ita ma kisira take yi. Tun kafin a haife ni suka yi wata yarjejeniya da ba wanda ya rubuta. Ran Asabar da yamma Inna ta miƙa mata gari da ƙwaryar tsami ta nafaj, Lahadi Hajja ta soya na gida biyu, masu sayen Inna su karɓa a wurinta. Ran Alhamis da yamma Hajja ta miƙo nata, Juma'a Inna ta soya na gida biyu, Hajja ta yi wanka ta sa lalle, ta je kabarin mijinta, da la'asar ta tafi wajen zikiri. Kowacce na ɗaukar wuta biyu rana guda don 'yar uwarta ta samu rana guda ba wuta.

Ina budurwa, kaina na rawa, lokacin da Kasuwar Libiya ta fara tasowa a yammacin gari. Wani mai gidan abinci a can ya ɗanɗana kisirarmu ya ce kullum a kai masa babban tire kafin fatur. Ni ke kaiwa, don haka ni na ɗauki kaina mai cinikin. A karo na farko na ga alamar za mu iya gyara rufin ɗaki, in sayi tob irin na 'yan matan da nake gani a motar haya. Ana cikin haka wata Litinin ya tare ni a bakin shagon.

"Ya bitti, 'yata, zo nan. Kisirar jiya ta wa ce?"

Na ce ta gidanmu ce.

"La, la, a'a. Kada ki yi mini haka. Ta kwana shida kamar takarda, ta Lahadi kamar tafin takalmi. Masu ci suna magana. Ko dai hannu ɗaya kwana bakwai, ko in nemi wata. Halas, magana ta ƙare."

Gaskiya ya faɗa. Idon Hajja ya fara yin hazo, hannunta na rawa, gargariba ba ta bin ta kamar da. Kowa a lungun ya sani, ba wanda ya faɗa. Masu saye na unguwa sukan karɓi ta Lahadi su yi shiru, su ƙara miya.

Na dawo na gaya wa Inna, ina sa ran za ta ce to mu san dabara. Tana wanke ƙwarya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ya nemi wata."

"Inna, rufin nan fa? Kin san abin da damina za ta yi mana."

"Na sani. Rufin na kaina ne, ba na kanki kaɗai ba."

"To ni in soya ranar Lahadin. Ke ki tafi kanisarki, ni ban ce ki taɓa wuta ba."

Sai ta ajiye ƙwaryar ta dube ni. "In kin soya, me zan ce wa Hajja ran Asabar in ta miƙo hannu? In ce mata hannunta ya mutu?"

Na ce ai ba addini ba ne a ci gaba da yaudarar tsohuwa. Har da wani wa'azi na yi mata, ni da nake karanta littafin ina hamma. Ta ce ta ji, amma ba da yawunta ba. Ta koma kan wankin ƙwaryarta.

Asabar ta zo. Inna ta tafi gaisuwar rashin lafiya a Alhilla Kuku, ta bar mini sallahun in miƙa kayan. Da yamma na ji tarin Hajja a bayan katanga, sannan hannunta ya leƙo ta nafaj, siriri, da ragowar lallen Juma'a a yatsu.

"'Yar gidan Lahadi, ina ƙwaryata?"

Na tsaya daga gefe inda ba za ta ga fuskata ba. Na ce, "Hajja, ki huta gobe. Ni zan yi."

Hannun ya ɗan tsaya a buɗe. Har yau ina ganinsa. Sannan ya koma a hankali, na ji ta ce, "To. Allah ya yi albarka." Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ran Alhamis ba ta miƙo nata ba. Juma'a muka ji tana hura wutarta, tana tari cikin hayaƙi, a ranar da shekara da shekaru ba ta taɓa kusantar murhu ba. Inna ta je har bakin nafaj ta yi sallama, Hajja ta amsa da fara'a, ta ce babu komai, jikinta ne ke son motsi. Suka gaisa kamar baƙi. Inna ta dawo ta zauna. Ran Lahadin da ta biyo na karanta mata shafi uku idonta biyu, tana kallon rumfa. Hutun da nake cewa ban taɓa shi ba, ashe na riga na kwance masa ƙafa.

Na yi makonni ina soya kwana bakwai. Da ƙuruciya mutum na ɗauka jikinsa bawansa ne. Ran Lahadi ni kaɗai ce a kan tiren mai shago da na masu sayen unguwa, ga tafiya kasuwa cikin rana, ga dawowa in dama na gobe. Kanisa kuwa na daina zuwa, na ce Allah ya ga uzurina. Na rame, na zama masifaffiya, ko kaza ta gifta sai ta sha zagi. In na kwanta sai in ji hannuna na ja da gargariba shi kaɗai. Addu'a ma in na fara, tsakiyarta sai in tsinci kaina ina tunanin itace.

Wata Lahadi a tsakiyar bazara na tashi da zazzaɓi. Na daure na hura wuta, na zuba ludayin farko, sai na ga saj ɗin ya zama biyu. Na zuba na biyu a gefen murhu. Inna ta fito cikin farin tob ɗinta, ta shirya tsaf za ta kanisa. Ta tsaya a kaina tana kallo. Na ce mata ta tafi, zan iya, ina faɗa haƙorana na kaɗawa. Ta koma ɗaki. Na ɗauka wani abu ta manta, sai ga ta ta fito da tsohon zanen aikinta, ta naɗe farin tob ɗin ta ajiye a kan gado.

"Tashi."

"Inna, Lahadi ce fa."

"Na san ranar. Kin yi wa mutum alkawari, ba za a ce 'yar gidan nan ta saɓa ba. Tashi ki kwanta."

Na ja jiki na kwanta a rumfa ina kallonta. Ta sunkuyar da kai ta yi gajeriyar addu'a, ta tsoma gargariba a ruwa. Shat, shat, shat, ƙwas. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Matar da talauci bai sa ta hura wutar Lahadi ba, mutuwar miji ba ta sa ba, yau ni na sa ta. Fuskarta ba fushi, har tana bin wata waƙar kanisa a hankali, wannan kuma ya fi komai ci mini rai.

Ba ta kai ga kisira ta goma ba muka ji motsi a katanga. Nafaj ya buɗe, Hajja ta sunkuyo ta shigo tana dafa bango, mayafinta a karkace.

"Hannun wa nake ji?"

Inna ta ce, "Yarinyar ce ba lafiya, Yaya."

"Ban tambaye ki yarinya ba. Na ce hannun wa nake ji ranar Lahadi?" Ta laluba ta kama kafaɗar Inna. "Wallahi ba ina raye ba. Tashi ki sa tob ɗinki. Ki je ki gaida Ubangijinki, ki ce ina gaisuwa."

"Yaya, idonki..."

"Idona nawa ne. Tashi, ya uhti, 'yar uwata, kada ki sa in yi rantsuwa ta biyu."

Inna ta tashi. Na ga ta juya baya tana share fuska da bakin zane. Ta yafa farin tob ta fita, Hajja ta zauna a 'yar kujerar, ta lalubi ludayi. Ko kallon inda nake ba ta yi ba, ba kuma don rashin gani ba ne. Ta soya tiren nan kaf, tana tari, tana ƙona yatsa, tana salati. Kisirar ta fito yadda aka san za ta fito, mai kauri, gefe a ƙone, wata ma da rami a tsakiya.

Zazzaɓin ya ɗan sake ni wajen hantsi. Ba wanda zan aika, kuma ban iya ce wa Hajja ba za a kai ba bayan wahalar da ta sha. Na ɗora tiren a ka na shiga mota zuwa kasuwa. Mai shagon ya ɗaga mayafin tiren, ya ɗauki ɗaya da yatsa biyu, ya mayar.

"Ma'alesh, yi haƙuri, ya bitti. Mun yi magana. Daga gobe kada ki wahalar da kanki."

Ban roƙe shi ba, ƙarfin roƙon ma babu. Na sake ɗora tiren. Motar dawowa ta cika, na tako wani wuri da ƙafa, rana na dukan ƙeya, ƙasa na ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Tire bai taɓa yi mini nauyi irin na ranar ba. Ina tafe ina lissafa abin da na ɓata: cinikin ya tafi, rufin na nan yadda yake, tsofaffi biyu na raba su, ni kuma ko addu'ar kirki na manta yadda ake yi. A bakin lungunmu na ce a raina, Yesu, ni dai na gaji. Iyakar addu'ar ke nan, ban iya ƙara komai a kai ba.

Inna ta riga ni dawowa. Tana tsaye a ƙofar gida, ta ga tiren a rufe yadda ya fita, ta gane. Ba ta ce ai na gaya miki ba. Ta sa hannu biyu ta ɗauke shi daga kaina, ta ce, "Sauke. Ya isa haka." Wuyana ya yi sakayau har na yi tangaɗi, sai kuka ya ƙwace mini a tsakar gida kamar ƙaramar yarinya.

Daga bayan katanga muryar Hajja ta taso. "Ta dawo? Ya karɓa?"

Na dubi Inna ina roƙonta da ido ta ce ya karɓa. Ta girgiza kai, ta nuna mini nafaj da haɓa. A gidanmu ba a ƙarya, ko ta tausayi ce. Na je na durƙusa a bakin 'yar ƙofar, wannan karon inda za ta gan ni.

"Bai karɓa ba, Hajja. Ya ce kada in sake kawowa." Na sunkuyar da kai. "Ki yafe mini. Ni na hana ki ƙwaryarki, ba Inna ba."

Ta ce, "Na san hannuna ya tsufa, ya bitti. Tun kafin ki sani na sani. Uwarki ma ta sani, shekara nawa tana miƙo mini ba ta ce komai ba." Ta yi tari. "Shi mai shago ya je ya ci takardarsa. Ran Asabar ki miƙo mini kayana."

Na koma rumfa na kwanta a gadon Inna. Ta zauna a gefena, ta buɗe littafin Baba a cinyarta ko da yake ba ta iya karanta ko harafi ɗaya, ta ɗora tafinta mai tabo a goshina tana addu'a da Hausa, tana ambaton sunana, da na Hajja, har da na mai shagon. Ban ji ƙarshenta ba. Na yi barci da rana tsaka, ba ciniki, ba rufi, ba komai a hannuna, ban farka ba sai da ana kiran magariba. Na yi aure bayan haka, na haifi 'ya'ya, na binne wasu, na kwana a kan katifu masu laushi da 'ya'yan suka saya mini. Ban sake yin barci irin na ranar ba.